Na Je New York Kallon Habibu a Benci

Tun da na dawo daga Amurka ban samu sukuni ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta gyara zama sai ta ce, "To Malama Ladi, yaya ƙasar take?" Na ba maƙwabta labari, na ba matan Islamiyya, na ba tsofaffin abokan aikina na firamare, har muryata ta dushe. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne labarin ya fara canja kama a bakin mutane. Shekaranjiya wata ta tare ni a kasuwar Tudun Wada tana taya ni murna, wai ta ji ɗan yayana ya ci kofi an ba shi gida. Babu kofi, babu gida. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, duk mai tambaya in miƙa mata ta karanta da kanta.

Yayana Tanimu ya fi shekara talatin yana tuƙin taksi a New York. Ɗansa na fari, Habibu, can aka haife shi, amma yana ɗan shekara shida aka kawo mini shi Zariya ya yi shekara biyu a hannuna, don ya ji Hausa ya kuma san yadda ake gaida manya. Yanzu ya girma, sana'arsa wasan da suke kira besbol. Wata rana da damina ya kira ni a waya, muka gaisa, sai na ji yana kewaye-kewaye irin na mai neman ta inda zai fara.

"Gwaggo, wannan season ɗin shi ne na ƙarshe. Gwiwata ta gaji. Zan yi retire."

Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

"Baba bai taɓa ganina ina wasa a babban fili ba. Sau ɗaya ya zo, tun daga nan bai sake ba. Ni ba zan iya ce masa ya zo ba, kin san shi. Ke kaɗai yake ji."

Wannan magana ta ƙarshe ba gaskiya ba ce, Yaya Tanimu ba ya jin kowa. Amma kun san kunyar ɗan fari, uban ba zai nuna ya damu ba, ɗan kuma ba zai roƙa ba, kowa ya riƙe nasa a ciki har lokaci ya ƙure. Wasanni kaɗan suka rage wa yaron, in suka wuce shi ke nan. Na ce masa ya turo takardun, zan zo.

Ba zan ɓata muku lokaci da zancen biza ba, illa in ce na tsaya a layi tun sanyin safiya, tambayar da aka yi mini kuma ba ta kai minti uku ba. Na bi mota daga Zariya zuwa Abuja, na hau jirgi, muka sauka wata ƙasa muka canja wani. A jirgi na biyu aka haɗa ni da wani Bature mai tsawon ƙafa wanda ya yi barci tun kafin mu tashi, kansa yana faɗowa kafaɗata. Na ture shi sau uku da ladabi, na huɗu na sa gwiwar hannu. Abincin da suka kawo kuwa, shinkafa ce cokali huɗu da wani ganye da ba a dafa ba. Na ci biredin na sha shayi, na gode wa Allah.

Da muka sauka, wani ɗan ƙaramin kare mai dogon kunne ya zo ya zauna a gindin akwatina ya ƙi tashi. Ni da na ɗauka wasa yake, ashe ma'aikaci ne. Aka buɗe akwatin. Kuka ta wuce, busasshiyar kuɓewa ta wuce, daddawa ma ta wuce bayan matar da ke bincike ta shinshina ta ja da baya. Amma kilishin da na sa aka yi wa Yaya musamman, ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara, wai nama ba ya shiga ƙasar. Na ji zafin abin har cikin raina, amma doka ce, kuma ba ni da bakin magana a garin mutane.

Mai duba fasfo ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Da Turancina na tsohuwar hedimistires na ce na zo kallon ɗan yayana yana besbol. Nan take fuskarsa ta saki. Ya tambayi wane gurbi yake riƙewa a fili. Na tsaya. A ƙwallon ƙafa na san mai tsaron gida, na san ɗan gaba, amma Habibu duk lokacin da na tambaye shi sai ya ce ko'ina. Haka na faɗa wa mutumin. Ya ce, "Ah, utility." Ya buga mini hatimi yana cewa kowace ƙungiya tana bukatar irinsu. Ni dai na ji maganar kamar irin wadda muke faɗa wa uwar yaron da ya zo na ƙarshe a aji, cewa ai yana da ladabi.

Yaya da matarsa Rabi suka tarbe ni. Ya tsufa, furfura ta cinye gemun, amma bakin yana nan. Kafin mu kai mota ya riga ya ce na yi ƙiba. Gidansu a wata unguwa ce da ake kira Soundview, hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo. Aka ba ni ɗakin Habibu, don shi yana zaune kusa da wurin aikinsa, a makon nan ma ƙungiyarsu ta tafi wasa wani gari. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne maƙwabta. Za ku shiga lif da mutum, ku tsaya kafaɗa da kafaɗa, ki ce masa ina kwana ya kalle ki kamar kin nemi rance. Kwana biyu ina gaida kowa, a na uku wata tsohuwa ta amsa, na dawo na ba Rabi labari kamar na ci gasa. Sai wata Hajiya 'yar Kumasi a hawa na biyu, ita kam ta hawo da kwanon wake da shinkafa tana ce mini, "Hajiya, ka zo lafiya?" Na duba bayana ko akwai namiji, Rabi ta ƙyafta mini ido, ashe haka Hausarsu take.

Ban iya ɓoye magana ba, wannan hali ne da na sani a kaina. Washegarin zuwana, Yaya yana cin tuwon miyar kukar da na kawo, na ce, "Yaya, ranar Asabar za mu je kallon Habibu."

"Ku je lafiya."

"Da kai."

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Ladi, shi ya turo ki?"

"Ko shi ya turo ni, laifi ne ɗa ya so ubansa ya gan shi?"

"In gan shi yana me? Kin san aikin yaron nan? Zama. Ya sa kaya masu kyau ya zauna a benci yana cin 'ya'yan sunflower yana tofarwa. Ni in bar aikina in je in kalli wannan?"

Da na yi haƙuri da na bi shi a hankali. Sai na ɗaga murya, na tuna masa shi ma Baba bai so tafiyarsa Amurka ba amma ya raka shi har tasha. Ya wanke hannu, ya ɗauki makullin mota ya fita, tuwon ko rabi bai ci ba. Rabi ta ce, "Yaya Ladi, kin fara da ƙarfi." Na ce na sani, ba sai an faɗa mini ba.

Ranar Laraba na ce zan je titin 116, inda shagunan mutanenmu suke, kuma ni kaɗai zan je, don ba na son a riƙa jana kamar makauniya. Rabi ta rubuta mini komai a takarda. Abin da ta manta ta faɗa shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa iri biyu ne, akwai mai tsayawa kowace tasha, akwai mai wucewa a guje. Na canja jirgi na faɗa cikin mai gudun. Ina zaune ina kallon tasoshi suna wucewa ta taga, tawa ma ta zo ta wuce ko rage gudu bai yi ba. Na fara salati a fili. Duk taragon babu wanda ya ɗago kai, sai wata yarinya da kayan asibiti ta matso ta ce, "Mama, ina za ki?" Rifkatu sunanta, 'yar Kafanchan, nas ce, daga aiki ta taso a gajiye. Ta sauka da ni, ta tsallakar da ni ɗaya gefen, ta hau tare da ni har 116 sannan ta koma hanyarta. Allah ya saka mata. A can na ci shinkafa da kifi irin na Sanagal, na yi azahar a wani masallaci da ke saman shagon tela, na ji kamar ina Sabon Gari in ban da sanyi.

Kashegari Rabi ta kai ni Canal Street sayen tsaraba. Mutane cunkus, jakunkuna da agoguna shimfiɗe a gefen titi. Na ɗaga wata jaka na ce wa Rabi da Hausa, "Wannan ko wata biyu ba za ta yi ba." Sai mai kayan ya ce, "Haba Hajiya, mi jakar ta yi miki? Wallahi original ce." Kunya ta kama ni. Isufu sunansa, mutumin Maraɗi. Da ya gane Rabi ya cire hula ya gaishe ta, ya ce ai matar Alhaji Tanimu ce, uwar ɗan wasa. Rabi ta matsa gaba duba gyale, ni kuma na tsaya na tambaye shi ko ya taɓa ganin Habibu yana wasa.

Ya rage murya. "Ai da ni aka tahi rannan. Bon, lokacin da aka hwara kiran yaron babbar équipe, ina nuhin babbar ƙungiya, Alhaji ya gayyaci jama'ar masallaci duka, mu wajen talatin. Kowa ya sa manyan kaya kamar ranar idi, har liman. Muka zamna awa ukku cikin rana. Hajiya, ba a sa yaron ba. Ko tashi bai yi ba. Da muka hito wani ya ce, Alhaji, wane ne naka a cikinsu, ko mai ba su ruwa? Aka yi dariya. Wasa ya yi, amma na ga huskar Alhaji. Har yau in an ga shi a masallaci wasu na tambayar ya mai benci."

Na sayi jakar, ba don tana da kyau ba. Na san yayana, zagi bai dame shi kamar dariya ba, kuma a gaban liman.

Ranar Juma'a da hantsi Habibu ya zo gidan, a daidai lokacin da ya san uban yana kan hanya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni yadda na koya masa, ƙato da shi, gwiwar tana ƙara. Na ce ya zauna ya bayyana mini wannan wasa da aikinsa a ciki, kuma a hankali, kamar yana koya wa 'yan aji ɗaya.

Ga abin da na fahimta. Mutum ɗaya yana tsayawa kan ɗan tudu a tsakiyar fili yana jefa ƙwallo, wani daga ɗaya ƙungiyar yana ƙoƙarin maka ta da kulki. In ya maka sai ya ruga yana zagaya tasoshi huɗu, sauran 'yan ƙungiyar mai jifa kuma suna warwatse a fili, kowa da gurbinsa, suna neman cafe ƙwallon su fitar da shi. In an fitar da mutum uku sai a yi musanya. Haka za a yi ta yi har zagaye tara. Kowane ɗan wasa da gurbin da ya ƙware a kai tun yana yaro. Habibu ne ba shi da nasa.

Ya buɗe jakarsa ya zube mini safar hannu ta fata har guda biyar, kowace da girmanta, wata doguwa, wata kamar faifai. Ya ce kowane gurbi da irin tasa.

"Gwaggo, tun ina ƙaramar league na gane ba ni ne best a ko'ina ba. A kowane position akwai wanda ya fi ni. So na ce bari in koyi duka. In wani ya ji ciwo, ni ne. In wani ya gaji, ni ne. In matar wani ta haihu, ni ne."

Shekara tara ya yi a ƙananan ƙungiyoyi, yana kwana a bas daga wannan ƙauye zuwa wancan, da azumi da komai. An sayar da shi, an sallame shi, an sake ɗaukarsa. An kira shi babbar ƙungiya an mayar da shi ƙasa har ya daina kwance akwati. Waɗanda suka fi shi suna da yawa sun bar wasan tuntuni, shi yana nan. Na ce to gobe za a sa ka? Ya ce bai sani ba, ba ya taɓa sani, koci ne kawai zai juyo ya kira sunansa. Ya ce in zo da wuri in ina son in ga aikinsa.

Ranar Asabar ni da Rabi muka isa tun filin babu kowa sai masu shara. Habibu yana ciki. Ya sa safa ɗaya ya tsaya a wani gurbi, wani dattijo yana buga masa ƙwallo yana cafewa yana jefawa. Can ya canja safa ya koma wani gurbin. Ya sake canjawa ya tafi can nesa kusa da katanga. Har kayan mai tsugunawa bayan mai kulki ya ɗaura, ya tsuguna a kan gwiwar nan mai ciwo. Sauran kowa ya yi nasa gurbin ya shige inuwa, shi sai da ya zagaye duka, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Rabi ta ce kullum haka yake yi, ko za a sa shi ko ba za a sa shi ba.

Aka fara wasa, fili ya cika maƙil. Mutanen nan da ba sa amsa gaisuwa a lif, ga su suna rungumar wanda ba su sani ba don an maka ƙwallo. Ana ta ci ana sha, ana waƙa, a zagaye na bakwai kowa ya miƙe yana miƙa kamar an tashi daga barci. Ni idona yana kan benci. Zagaye na ɗaya, na biyar, na tara, aka tashi. Ba a sa Habibu ba. Na ga 'ya'yan sunflower ɗin da idona. Gaskiya raina ya ɓaci, har na ce wa Rabi ta nuna mini kocin nan in ji dalili. A ranar na daina ganin laifin Yaya gaba ɗaya, amma kuma abin da na gani da safe ya ƙi barin zuciyata, ina so shi ma ya gani.

Ranar Lahadi akwai wasa da rana. Na riga na gane gardama ba za ta kai ni ko'ina ba, sai na haɗa baki da Rabi. Ta ɗaure kai ta kwanta, wai jiri take ji. Na yi shiri na ɗauki jaka na ce, "Yaya, na tafi, zan hau jirgi."

"Ke kaɗai? Ke da kika ɓace ranar Laraba?"

"To ya zan yi?"

Ya yi tsaki ya ɗauki makulli. Ya ce ƙofa kawai zai kai ni, kada in sa rai. Muka isa bakin filin, wurin da aka hana tsayawa, ya ce in sauka. Na gyara zama na rungume jakata.

"Ladi, sauka, za a ba ni ticket, a ci ni tara."

"Tikiti biyu ne a jakata. Ba inda za ni sai da kai."

Motoci suka fara hon a bayanmu. Wata 'yar sanda ta nufo mu tana kaɗa hannu. Ya ce zai mayar da ni gida, na ce ya mayar, gobe in hau jirgi in koma Zariya in faɗa wa dangi duka cewa na zo tun daga can ya hana ni ganin ɗana. Ya kalle ni, na kalle shi. Tun muna yara ya san in na kafe ba na motsi. Ya ja motar yana faɗa har wurin ajiye motoci, ya fito yana faɗa, muka hau matakala yana faɗa. Na bar shi ya yi ta yi, tunda ƙafarsa tana tafiya.

Sai ga shi ranar ƙungiyar su Habibu ta tashi da rashin sa'a. Tun zagaye na biyu baƙin suka fara dukansu. A canja wannan mai jifa a kawo wancan, duk ɗaya. Kafin zagaye na bakwai mutane sun fara tafiya, kujeru suka yi fili. Yaya ya harɗe hannu, bai kalli benci ba ko sau ɗaya, ko kuwa ya kalla lokacin da ba na ganinsa. Ni kuma na fara zargin kaina. Na jawo mutumin nan da ƙarfi don ya sake shan abin da ya sha a da. A zagaye na takwas ya ce, "Kin gani ko? Tashi mu tafi." Na riƙe bakin rigarsa na ce saura ɗaya, ya yi wa Allah.

Da aka shiga na tara sai na ji sauran 'yan kallo sun ɗauki sowa haɗe da dariya. Na duba, ga Habibu ya fito daga benci, bai nufi ko ɗaya daga gurabun da na ga yana gwadawa ba, ya nufi tudun tsakiya. Na daki kafaɗar Yaya na ce, "Ga shi! Shi za a ba jifa!" Na ɗauka babban girma ne.

Wani tsoho da ke gefenmu da hular ƙungiyar ya ji ihuna ya tambaya ko namu ne. Na ce ɗanmu ne, ga ubansa. Sai ya yi mana bayani, da kyakkyawar niyya, cewa in wasa ya lalace ba sauran fata, koci ba ya son ya gajiyar da hannun masu jifa na gaske, don ana bukatarsu gobe. Sai a nemi wanda zai yarda ya je ya sha dukan a madadinsu. Ya ce manyan 'yan wasa ba sa yarda, kuma ba a ma tambayarsu. Na ji kamar in toshe masa baki. Yaya ya fi ni jin Turanci, ya ji komai.

Habibu ya jefa ta farko, a hankali ƙwarai in an gwada da na sauran. Mai kulki ya maka ta har bayan katanga. Fili ya fashe da dariya. Na runtse ido, na kasa kallon Yaya. Da na buɗe, Habibu ya karɓi wata ƙwallon, ya gyara hula, ya sake jefawa kamar ba abin da ya faru. Na biyu ya maka sama aka cafe. Na uku ya samu ya kai tasha. Na huɗu ya buga ta ƙasa aka fitar da shi. 'Yan kallon da suka rage suka miƙe tsaye suna kiran sunansa, da dariyarsu da komai, amma yanzu dariyar ta canja. Na biyar ya kai wa ƙwallo duka da dukkan ƙarfinsa ya tashi da ita sama, aka tsaya ƙarƙashinta aka cafe. Mutum uku sun fita.

Yana saukowa daga tudun, 'yan ƙungiyar suka taso bakin benci suka yi layi. Masu jifan da aka kora ɗazu su ne a gaba, kowa yana dafa kansa yana riƙe hannunsa, wani ƙato ma ya cire hula ya rusuna masa. Na juya. Yaya yana tsaye, ban san lokacin da ya miƙe ba. Ba ya tafi, ba ya ihu. Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Wato in abu ya ɓaci, shi suke ba." Na ce haka ne. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da kallon fili. Hawaye na yi, ba zan ɓoye ba, kuma an ci su wasan ci mai muni.

Da la'asar muka jira shi a wurin ajiye motoci. Ya fito da jakarsa, ya hango uban ya rage tafiya. Ya zo ya durƙusa. Yaya ya ce ya tashi, gwiwa. Ni kuma na yi kamar ina neman wani abu a jaka. Can Yaya ya kama hannun damansa ya matsa daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu.

"Ba ya ciwo?"

"Kaɗan, Baba."

"Ka sa man zafi. Yaushe ne na gaba?"

"Tuesday. Amma Baba, ba lallai a sa ni ba."

"Na tambaye ka za a sa ka? Ƙarfe nawa?"

Sauran kwanakina na yi su cikin jin daɗi. Rabi ta warke daga jirin nata tun kafin mu dawo gida, Yaya kuma ya gane, ya ce mu biyun Allah ya shirye mu. Ranar Talata da safe na taso. Na sauka Abuja, na kwana, na iso Zariya da jakar Isufu wadda hannunta ya tsinke tun a Kaduna.

Kwana biyu da dawowata Rabi ta kira ni. Ta ce Alhaji ya je ranar Talata, ya sake komawa ranar Laraba, shi kaɗai, bai gayyaci kowa ba. Na ce to an sa yaron? Ta ce ko sau ɗaya ba a sa shi ba. Na ce shi Yaya fa? Ta ce duka kwana biyun yana zaune har aka tashi.